Tartsatsi a Ramin Kwal: Haɗurran Lantarki da Lalatattun Kayan Aiki a Tarihin Haƙar Kwal

1.0 Gabatarwa

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 1913, da misalin ƙarfe takwas na safe, aka ji wata ƙara mai tsanani daga ƙarƙashin ƙasa a garin Senghenydd da ke kudancin Wales, a ƙasar Birtaniya. Ramin kwal na garin ne ya fashe. Mutane kusan 950 ne ke aiki a cikinsa a wannan safiya, kuma 439 daga cikinsu suka mutu. Daga baya ƙasa ta rufta wa ɗaya daga cikin masu aikin ceto, shi ma ya rasu. Har yau ba a taɓa yin asarar rayuka mai yawan wannan a wani ramin haƙa na Birtaniya ba. Abin da aka fi zargi da tayar da wutar kuwa shi ne wata ƙaramar ƙararrawar lantarki mai aiki da batir.

Wannan takarda za ta yi bayanin yadda lantarki ya shiga ramukan kwal daga shekarun 1880, da hanyoyi biyu da ya riƙa halaka ma'aikata, wato jan wuta da kuma tartsatsi. Za a ɗauki haɗarin Senghenydd a matsayin babban misali, sannan a kawo wasu misalan daga Amurka da Wales da Afirka ta Kudu. A ƙarshe akwai ma'anar wasu kalmomi da tambayoyi domin ɗalibai.

2.0 Yanayin Ramin Kwal

Kwal wani baƙin dutse ne mai cin wuta, wanda wasu ke kira gawayin ƙasa. Yana kwance ne shimfiɗa-shimfiɗa a cikin ƙasa. Inda yake da zurfi, akan gina rijiya mai faɗi a miƙe, sannan daga gindinta a yi ta haƙa hanyoyi a kwance ana bin shimfiɗar kwal ɗin. Rijiyoyi biyu na Senghenydd zurfinsu ya kusa mita 600. Akan saukar da ma'aikata a cikin wani kejin ƙarfe da ke rataye da igiya, kwal ɗin kuma a loda shi a ƙananan taragu masu tafiya a kan dogo, waɗanda dawaki ko inji ke ja.

Abubuwa uku ne suka sa wannan wuri ya zama mai haɗari ga duk abin da ke fid da wuta.

Na farko ita ce iskar metan, wadda ke tsattsafowa daga jikin kwal ɗin. Ba ta da launi, ba ta da wari. Idan ta gauraya da iskar da ake shaƙa har ta kai tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, to ɗan tartsatsi ya isa ya sa ta fashe. Tartsatsin da ke tashi daga rigar mutum a lokacin hunturu ma yakan fi ƙarfin wanda metan ke bukata. Saboda wannan iska ce Humphry Davy ya ƙera fitilarsa a 1815. Ya kewaye harshen wutar da ragar waya mai ƙananan idanu, wadda ke shanye zafin kafin ya kai ga iskar waje.

Na biyu ita ce ƙurar kwal. Tana taruwa a ƙasa da bango da kan itatuwan da ke tallafe rufi. Idan metan ta fashe, ƙarfin fashewar kan tayar da ƙurar sama, ita ma ta kama, ta tayar da ta gabanta, a haka wutar za ta yi ta gudu cikin hanyoyin. Ƙurar kwal ce ta yaɗa wutar da ta kashe mutane 1,099 a Courrières ta ƙasar Faransa a 1906. Bayan wutar ta wuce kuma sai ta bar iskar kabon monoksaid, mai kisa ba tare da an ji warinta ba. Wani masani mai suna John Scott Haldane ya nuna a shekarun 1890 cewa wannan iska ce ke kashe mafi yawan waɗanda ke mutuwa a irin wannan haɗari. Shi ne kuma ya ba da shawarar shiga da ƙananan dabbobi domin gane ta, abin da ya sa aka riƙa shiga da tsuntsun kanari har zuwa 1986.

Na uku shi ne laima. Ruwa na ɗiga daga rufi, ƙasa a jiƙe take, ma'aikaci kuma yana jiƙe sharkaf da gumi.

3.0 Shigowar Lantarki

A 1881 aka sa fitilun lantarki a ramin kwal na Earnock a Sikotland, kuma a 1882 aka kafa famfon lantarki mai zuƙe ruwa a ramin Trafalgar a Ingila. Kafin farkon ƙarni na 20, lantarki ya riga ya shiga jan taragu da juya fanka da yankan kwal. Amfaninsa a fili yake: jan waya ya fi jan bututun tururi sauƙi, kuma inji ɗaya na yin aikin mutane da yawa masu sara da diga.

Matsalar ita ce, yawancin kayan farko an ƙera su ne domin masana'antu, inda akwai haske da sarari da busasshiyar ƙasa. Sai ga shi an sauko da su wurin da dutse ke faɗowa, ruwa na zuba, taragu na taka waya. Masu iya gyaran lantarki kuma ba su da yawa a wancan lokaci. Sai a 1905 Birtaniya ta kafa ƙa'idoji na musamman kan amfani da lantarki a ramukan haƙa, a 1908 kuma ta naɗa sufeton lantarki na farko, Robert Nelson. Dokar ramukan kwal ta 1911 ta ƙara da cewa a yanke wutar lantarki a duk inda metan ta wuce kashi ɗaya da kwata cikin ɗari.

4.0 Hanya ta Farko: Jan Wuta

Busasshiyar fatar mutum tana ɗan tare wutar lantarki, amma jiƙaƙƙiyar fata ba ta tare ta sosai. Saboda haka wutar da za ta fizgi mutum kawai a cikin ɗaki, tana iya kashe shi a cikin rami. Idan ta bi ta ƙirji takan rikita bugun zuciya. Haka kuma takan ƙanƙame jijiyoyin hannu, ta yadda mutum ba zai iya sakin abin da ya riƙe ba.

Injin yankan kwal na daga cikin kayan da suka fi jawo irin wannan mutuwa. Shi wannan inji yana tafiya ne a jikin bangon kwal yana jan doguwar waya a bayansa. Dutse kan faɗo mata, tarago kan taka ta, wani lokaci ma haƙoran injin kansa ke yanka ta. Idan fatar wayar ta yage, sai a naɗe wurin da ƙyalle a ci gaba da aiki, domin da yawa daga cikin ma'aikatan gwargwadon kwal ɗin da suka fitar ake biyansu, tsayar da inji kuwa asarar kuɗi ce. Idan wayar da ke cikin inji ta taɓa gangar jikinsa, ƙarfen gaba ɗaya sai ya ɗauki wuta, alhali ba wata alama da ido zai gani. Maganin wannan shi ne wayar ƙasa, wadda ke kwashe irin wannan wuta ta zubar da ita cikin ƙasa. A yawancin lokutan da aka yi mutuwa, akan tarar babu wayar ƙasar, ko kuwa ta tsinke ba a gyara ba.

A Amurka kuma akwai wani haɗarin na daban. A can an yi amfani da ƙananan jiragen ƙasa na lantarki wajen jan taragu, waɗanda ke shan wuta daga tsirarar waya da ke rataye a rufin hanya, galibi mai ƙarfin bolt 250. Da yake rufin ba shi da tsawo, wayar takan kasance daidai kan mutum ko kafaɗarsa. Ma'aikacin da ya saɓo ƙarfen huda dutse a cikin duhu, da ƙarfen ya taɓa wayar shi ke nan. Sau da yawa abokin aikin da ya ruga ya kama shi da hannu, shi ma wutar kan haɗa da shi.

Irin wannan mutuwa ɗai-ɗai take zuwa, mutum ɗaya a wannan rami, wani a wancan, shi ya sa ba ta cika tayar da hankalin jama'a ba. Wadda ke girgiza ƙasa ita ce ta hanya ta biyu.

5.0 Hanya ta Biyu: Tartsatsi

5.1 Ƙararrawar Senghenydd

A hanyoyin jan taragu, mai kula da inji yana zaune ne nesa da inda ake lodi, ba ya ganin abin da ke faruwa. Saboda haka aka yi dabarar ƙararrawa. Akan ja tsirarun wayoyi biyu kusa da juna a tsawon hanyar, a haɗa su da batir da ƙararrawa a wajen mai inji. Duk wanda ke son a ja ko a tsaya, sai ya haɗa wayoyin biyu da hannu, ko ya gitta wuƙa ko wani guntun ƙarfe a kansu, ƙararrawa ta kaɗa. Ƙarfin wutar kaɗan ne ƙwarai, mutum na taɓa wayar ba abin da zai same shi. Wannan ne ya sa aka ɗauka ba ta da wata illa. Amma duk lokacin da aka ɗage wuƙar daga kan wayoyin, ɗan tartsatsi kan tashi.

A safiyar haɗarin, wuta ta tashi a ɓangaren yamma na ramin, ƙurar kwal ta ɗauke ta ta yaɗa. Ƙarfin fashewar ya biyo rijiya ya cilla kejin ƙarfe sama, ya kashe mai tsaron bakin rijiyar. Bututun ruwa suka farfashe, gobara kuma ta tare hanyar shiga yamma. Washegari da sassafe aka fito da mutane 18 da rai, daga su ba a sake samun kowa ba. Cikin mamatan har da yara masu shekara 14. Mata fiye da 200 suka rasa mazajensu, yara fiye da 500 suka zama marayu.

Babban sufeton ramukan haƙa, Richard Redmayne, shi ya jagoranci binciken gwamnati a 1914, tare da wakilin masu ramuka, Evan Williams, da shugaban ƙungiyar ma'aikata, Robert Smillie. Duk waɗanda ke wurin da wutar ta fara sun mutu, saboda haka binciken bai yanke hukunci na tabbas a kan mafarinta ba, kuma an kawo zancen fitila. Amma Redmayne ya fi karkata ga tartsatsin ƙararrawar.

5.2 Gargaɗin da Aka Yi Biris da Shi

Abin da ya fi ɓata wa iyalan mamatan rai shi ne, haɗarin bai zo ba sallama ba. A watan Mayu na 1901 wannan rami ya taɓa fashewa, mutane 81 suka mutu, kuma tun lokacin aka ja hankalin masu shi a kan yawan ƙura. A 1912 an yi wata fashewar a ramin Bedwas, wanda ba shi da nisa da Senghenydd, aka gano tartsatsin ƙararrawa ne ya jawo ta, har sufeton yankin ya rubuta wa masu ramuka takardar gargaɗi. Bugu da ƙari, dokar 1911 ta wajabta a gyara babbar fankar kowane rami yadda za a iya juya akalar iska idan gobara ta tashi. An ƙara wa kamfanin wa'adi zuwa watan Satumba na 1913, wa'adin ya cika ba a gama aikin ba. Da gobarar ta kama a hanyar da iska ke shiga, sai iskar ta riƙa tura hayaƙi da guba zuwa inda mutane suke.

5.3 Hukunci

An gurfanar da manajan ramin, Edward Shaw, da kamfanin da ya mallake shi a gaban kotu saboda karya doka. Aka ci manajan tarar fam 24, kamfanin kuma fam 10 da kuɗin shari'a. Fam 24 sule 480 ke nan. Idan aka raba shi ga mamata 439, kowane rai ya tashi a kan sule ɗaya da kwabo ɗaya da ɗan ɗoriya. An ci gaba da haƙa a ramin har zuwa 1928 da aka rufe shi. A 2013, da haɗarin ya cika shekara 100, aka buɗe wurin tunawa da mahaƙan Wales a filin da ramin yake.

6.0 Gyaran da Ya Biyo Baya

Bayan haɗarin, masana biyu, R. V. Wheeler da W. M. Thornton, suka yi gwaje-gwaje a kan irin waɗannan ƙararrawa, suka fitar da sakamako a 1915 da 1916. Sun gano cewa a cikin kowace ƙararrawa akwai naɗin waya da ke zama maganaɗisu idan wuta ta bi ta cikinsa. Wannan naɗi yana tara ƙarfi, kuma da an raba wayoyin sai ya sako ƙarfin gaba ɗaya a lokaci guda. Shi ya sa batir mai rauni ke iya ba da tartsatsin da zai kunna metan. Hausawa na cewa, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Daga nan aka samu ƙa'ida ta farko: a ƙera ƙananan na'urori, irin su ƙararrawa da tarho, ta yadda wutar da ke cikinsu ba za ta taɓa kai ƙarfin kunna metan ba, ko da waya ta tsinke ko ta haɗu da ƴar'uwarta. Akan yi haka ta hanyar rage wutar da batir ke bayarwa, da sa wa naɗin wata ƴar hanya da ke shanye ƙarfin da ya tara. Har yanzu ana aiki da wannan ƙa'ida a matatun mai da masana'antun gas.

Manyan injina kuwa ba yadda za a rage musu wuta, sai aka bi ƙa'ida ta biyu, wadda Carl Beyling ya yi gwaji a kanta a Jamus ya kuma bayyana a 1906. Akan rufe makunni ko mota a cikin akwatin ƙarfe mai kauri, wanda bakinsa da murfinsa suka haɗu da faɗi, tsakaninsu ƴar siririyar kafa. Ko metan ta shiga ta fashe a ciki, akwatin ba zai tsage ba, harshen wutar kuma zai huce kafin ya fito ta kafar. Dabara ɗaya ce da ta ragar fitilar Davy. Game da ƙura kuma, aka shiga barbaɗa garin dutse marar cin wuta a hanyoyi domin ya dakushe ta.

7.0 Idan Kayan Aiki Ya Lalace

Misalai uku za su nuna cewa ingancin na'ura bai wadatar ba idan ba a kula da ita.

A ramin Cherry da ke jihar Illinois ta Amurka, fitilun lantarki sun lalace a watan Nuwamba na 1909. Kafin kayan gyara su iso, sai aka rataya fitilun kananzir masu buɗaɗɗen harshe a hanyoyi. Ranar 13 ga watan aka bar taragon ciyawar alfadarai a ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu, ciyawar ta kama. Mutane 259 suka mutu, manya da yara.

A ramin Cambrian na Wales, ranar 17 ga Mayu, 1965, masu gyaran lantarki suna neman inda wani makunni ya samu matsala. Suka buɗe murfin akwatinsa alhali akwai wuta a ciki, a daidai lokacin da iska ba ta gudana yadda ya kamata kuma metan ta taru. Mutane 31 suka mutu, har da manajan ramin. Akwatin irin mai hana fitar wuta ne, amma amfaninsa yana ga murfin.

A Hlobane ta Afirka ta Kudu, ranar 12 ga Satumba, 1983, fashewar metan ta kashe mutane 68. Bincike ya nuna an ɓata tsarin gudanar iska kwanaki kafin haɗarin, kuma da yawa daga cikin injinan lantarki na wannan sashe ba su cika ƙa'idar hana fitar tartsatsi ba.

8.0 Kammalawa

An ga yadda lantarki ya sauƙaƙa aikin haƙar kwal, da yadda ya riƙa kisa ta jan wuta da ta tartsatsi. An kuma ga cewa a waɗannan misalai, kafin rai ya salwanta akwai abin da aka sani aka ƙyale: fanka da ba a gyara ba, fitila da ta lalace, murfi da aka buɗe, takardar gargaɗi da aka ajiye. Wanda ke da ikon kashe kuɗin gyara yana sama, wanda zai mutu idan ba a yi ba yana ƙasa, shi ya sa ƙungiyoyin ma'aikata suka dage a kan doka da sufetoci. Birtaniya ta rufe babban raminta mai zurfi na ƙarshe, wato Kellingley, a watan Disamba na 2015, amma ƙa'idojin da aka samu bayan 1913 suna nan ana aiki da su a duk inda lantarki da iska mai kama wuta ke haɗuwa.

Ma'anar Wasu Kalmomi

Tartsatsi: ɗan ƙyallin wuta da ke tashi idan waya ta rabu da waya, ko ƙarfe ya bugi dutse.
Jan wuta: shigar wutar lantarki jikin mutum.
Tsirarar waya: wayar da ba a rufe ta da roba ko wani abu ba.
Wayar ƙasa: wayar da ke haɗa gangar jikin inji da ƙasa domin kariya.
Makunni: abin da ake kunna wuta ko kashe ta da shi.
Bolt: ma'aunin ƙarfin turin wutar lantarki.
Tarago: keken ƙarfe mai tafiya a kan dogo, jam'i, taragu.
Fam, sule, kwabo: tsofaffin kuɗin Ingila, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya.
Yin biris: ƙin kula da magana da gangan.

Tambayoyi

1. Kawo abubuwa uku da suka sa ramin kwal ya zama wuri mai haɗari ga lantarki.
2. Me ya sa aka ɗauka ƙararrawar Senghenydd ba ta da illa, kuma me Wheeler da Thornton suka gano?
3. Bambanta ƙa'idoji biyu da aka bayyana a sashe na 6.0.
4. Bayyana ma'anar karin maganar da ke sashe na 6.0, sannan ka kawo wata mai irin ma'anarta.
5. Fitar da jimloli biyar daga sashe na 2.0 da na 4.0 masu ɗauke da "kan" ko "akan", ka faɗi aikin da wannan lokaci ke yi a cikinsu.
6. Rubuta sakin layi ɗaya a kan wani kayan lantarki da ka sani, ka yi bayanin yadda lalacewarsa ke iya jawo haɗari.